Gwadon Inna da Jirgin da Ba Ya Tsayawa a Hanya

Jama'a, kun ishe ni. Tun ranar da na sauka a tashar Gusau ban sha fura cikin natsuwa ba. Duk wanda ya zo yi mini barka da sauka sai ya gyara zama ya ce, "To Alhaji, yaya saman take?" Na ba da labarin nan a rumfar awo, na ba da shi a ƙofar masallacin Tudun Wada, na maimaita wa matan gidanmu har sun fara gyara mini in na tsallake wani wuri. Muryata ta dushe. Ga shi na sa a takarda, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in huta.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Mamman mai awon gyaɗa, haifaffen 'Yankuzo ta ƙasar Tsafe, mazaunin Gusau shekara goma sha huɗu. Sikeli ne aikina, kuma ban cika yarda da abin da ban auna da hannuna ba. Shi ya sa da na sami kujerar Makka ta jirgin sama, na je wurin maƙwabcina Mista Jemis, akawun tashar jirgin ƙasa, Bayarabe Kirista wanda Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Ya shimfiɗa taswira a tebur, ya ja zare daga Kano zuwa Jidda, ya ce mil dubu biyu ne da ɗoriya, awa goma ko sha ɗaya a sama, kuma sau ɗaya tak za a tsaya, a Kartum ta ƙasar Sudan.

Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce, "Haba Mista Jemis! Jirginku na ƙasa ma, daga nan zuwa Zariya sai ya tsaya Tsafe ya sha ruwa, ya tsaya Funtuwa ya huta. Wannan ɗan sama ba shi da ƙishirwa ne?"

Ya naɗe zarensa ya ce, "Malam Mamman, in ka dawo ka zo ka ba ni labari." Ni dai na ɗauka irin lissafin akawu ne, wanda ke yin daidai a takarda kawai.

Na tafi 'Yankuzo sallama da neman gafara. Kun san halinmu: ba a barin matafiyi ya tafi hannu sake. Kuma a garinmu hanyar Makka ɗaya aka sani, ta ƙafa, wadda ke bi ta Barno, ta Lami da Abashe na ƙasar Chadi, ta Fashir ta Sudan, kowane gida kuwa da nasa mutumin da ya maƙale a wani zango. Kafin la'asar zaure ya cika da saƙo. Wannan goro ne na wani a Maiduguri, waccan daddawa ce ta wata a Lami, ga wasiƙu har bakwai, ga takalmi ƙafa ɗaya da mai shi ya manta shekara tara da suka wuce. Kowa na ce masa, "An gama." Wallahi ba ƙarya na yi niyya ba, ni ma haka na zaci tafiyar take.

Da jama'a suka watse sai Inna Delu, yayar mahaifiyata, ta aika a kira ni ɗakinta. Ɗanta na fari, Ɗanjuma, ya tafi Makka da ƙafa shekara goma sha ɗaya ke nan, bayan ya rantse a dandali gaban kowa cewa ba zai sake taka 'Yankuzo ba sai ya ga Ka'aba. Wasiƙarsa ta ƙarshe ta zo shekara huɗu baya, daga wani gari Madani a Sudan, inda yake aikin auduga. Inna ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Ta jawo wani gwado fari sol, mai nauyi, na audugar gonarta da ta kaɗa da hannunta ta kai wa masaƙi.

Ta ce, "Ka kai wa wancan ɗan'uwan naka. Hannu da hannu, Mamman, ban yarda da ɗan aike ba. Ka ce mai, ko ya kai Makka ko bai kai ba, shi taho gida. Ni ba Alhaji nike jira ba."

Na bugi ƙirji na ce, "Inna, ai a Sudan ɗin ma za mu tsaya. Ki sa a ranki ya karɓa." A tunanina abu ne mai sauƙi. Duk garin da Bahaushe ya sauka, sai ya tambayi zango, a zango ya tambayi Zamfarawa, kafin ruwan alwala ya bushe an kai shi ƙofar wanda yake nema.

A tashar Gusau na gamu da wanda Allah ya haɗa mu tafiya, Alhaji Nomau na Bungudu. Tsoho ne siriri mai bakin tsiya, wanda ya yi hajjinsa na farko da ƙafa tun yana saurayi, shekara shida zuwa da dawowa. Yanzu 'ya'yansa ne suka matsa sai ya koma ta sama. Kayansa duka buta ne da buzu da 'yar jaka. Ya dubi tulin kayana ya ce, "Yaro, Makka za ka ko ƙaura kake?" Da jirgi ya tsaya a Tsafe kuwa, sai ga mutanen garinmu a bakin dogo da ƙarin saƙo. Jirgi ya fara motsi wata mata tana bin taga da gudu, ta cusa mini ƙwaryar man shanu tana ihu, "Na ƙanena ne, a Abashe, kowa ya san shi!"

A Kano muka sauka Fagge gidan wani fatoma mai saukar da baƙi, mu goma sha biyu a ɗaki ɗaya, kowa da irin minsharinsa. Kwana tara muka yi ana mana lamba da allura, aka ɗauke mu hoto na fasfo. Mai hoton ya shige cikin baƙin ƙyalle ya ce kada in motsa, na ƙame har hawaye ya zubo, hoton ya fito kamar na wanda aka kama da akuyar mutane. Tuwon Kano ba laifi, sai dai miyarsu ruwa-ruwa, kuma komai sai an saya, har ruwan wanka.

Ranar awo ce ta fara sauke mini girman kai. Ashe an yanka wa kowa iyakar nauyin da zai ɗauka, kuma ba kaya kaɗai ake ɗorawa a sikeli ba, har mutum. Ni da na shekara goma sha huɗu ina tsaye bayan sikeli, yau ga ni a kansa kamar buhu! Kayana suka ninka abin da aka yarda har da ɗori. Dole na mayar da goro da daddawa da takalmi wurin fatoma, kowanne da sunan mai shi, ya ce zai bi da su ta hannun masu motar Barno da masu tafiyar ƙasa. Man shanun nan kuwa, Allah ya yafe mana, a kan tuwo ya ƙare.

Gwado ne ban iya bari ba. Sai na zagaya bayan rumfa, na naɗe shi a cikina, na saki babbar riga a kai. Ku ji fa, ni da na ƙware wajen kama masu zuba yashi a ƙasan buhu. Na dawo ina tafiya ɗaiɗai, gumi na tsiyaya. Akawun awo, wani Bakano mai idon tsiya, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, ɗazu da ka hau ba haka kake ba. Me ka ci a bayan rumfa?" Mutane suka kwashe da dariya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Alhaji Nomau ne ya cece ni. Ya ce, "Ku sa gwadon a nauyina. Ni da kayana duka ba mu kai rabin buhu ba."

Washegari bayan sallar asuba muka shiga. Jirgi ne mai fanka huɗu, cikinsa kamar dogon zaure da kujeru. Wani Balarabe ma'aikacin jirgi mai 'yar Hausa ya bi mu da alewa da auduga, wai a toshe kunne. Na murza audugar a yatsa, ba ta kai ta Zamfara ba ko kusa. Da aka ce kowa ya ɗaure ɗamara, Alhaji Nomau ya ce shi ba akuya ba ne da za a ɗaure a turke. Amma da fankokin nan suka ɗau ruri, jirgi ya zabura, ƙasa ta sulale daga ƙarƙashinmu, sai na ji an damƙi cinyata. Har muka je Makka shatin yatsun tsohon nan biyar na nan.

Kuna ta tambayata ko na ji tsoro. Na ji mana! Damina ce, sama cike da hadari, jirgi ya riƙa faɗawa wasu ramuka da ba a gani, hanjina ya taho maƙogwaro ya koma. Duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa. Da muka haye bisa gajimare kuma sai komai ya lafa, rana tas, kamar ba tafiya ake ba. Aka kawo burodi da dafaffen ƙwai da shayi. Alhaji Nomau ya nemi a buɗe masa taga ya zubar da tuƙar goro, aka ce ba ta buɗuwa, ya ce to wane irin gini ne wannan.

Ban gama ɓare ƙwai na biyu ba ma'aikacin nan ya nuna ƙasa ya ce Barno ce muke wucewa. Alhaji Nomau ya ce, "Ƙarya ne. Kwana arba'in na yi kafin in ga Barno." Ya leƙa, ya ga ruwan Chadi yana ƙyalli, ya yi salati. Ni kuwa jira nake in ji an rage gudu, ko da na shan ruwa ne. Shiru. Can da rana ta take aka ce ga Abashe. Na miƙe da wasiƙu bakwai a hannu na ce wa Balaraben, "Don Allah ko minti biyar ne, ina da saƙo." Ya zaci wasa nake. Na ce to a sami wata kafa in jefa ta mutumin Abashe, an ce kowa ya san shi. Ya yi dariya har ya kira abokin aikinsa ya zo ya gan ni.

Alhaji Nomau ya ja rigata ya ce, "Zauna, kada ka ƙara ba mu kunya. Nan na yi damina biyu ina ƙwadago a gonar wani Bawadaye, ɗan ƙasar, ga shi ko atishawa ban yi ba mun wuce." Daga nan ya shiga lissafi, duk inda aka ambata sai ya faɗi abin da wurin ya ci masa. Nan wata uku. Nan jakinsa ya mutu. Da aka ce Fashir sai ya daɗe yana kallon jan ƙasar da ke can ƙasa, sannan ya ce a nan ya binne abokin tafiyarsa, mutumin Bungudu, da hannunsa. Ya ɗaga hannu ya yi masa fatiha, kafin ya shafa mun bar wurin. Bai ƙara tsokanata ba sai da muka sauka.

La'asar ta same mu a Kartum. Awa bakwai da 'yan mintoci agogona ya nuna, amma ranar can ta riga tamu yin gaba, har na zaci agogon ne ya lalace. Alhaji Nomau ya taka ƙasa, ya ce, "Shekara biyu da wata bakwai. Sun haɗiye mini ita tsakanin karin kumallo da la'asar."

Ni ba ta wannan nake ba. Na saɓa gwado a kafaɗa na nufi ƙofa in tambayi hanyar zango. Wani ɗan sanda dogo baƙi ya tare ni da sanda, ya yi ta zuba Larabci, na yi ta zuba Hausa, ba wanda ya ji wani. Sai ga wani mai shara ya ajiye tsintsiya ya ce, "Ya Hajji, ina za ka?" Bahaushe ne haifaffen can, iyayensa Katsinawa da hanya ta riƙe, Hausarsa rabi Larabci. Na ce Madani za ni in dawo yanzu.

Ya ce, "Madani? Sai ka hau jirgin ƙasa, rabin yini. Ku kuwa mai kawai za a zuba muku, awa ɗaya da rabi kun tashi. Fasfonku ma yana hannun hukuma, ba mai barinka ka fita shingen nan."

Ga ni a Sudan, ga gwado a kafaɗa, ga waya ta kewaye ni kamar garke. Tunda nake ban taɓa jin na yi wauta irin ta ranar ba, kuma ba kunyar mutane ce ta dame ni ba, fuskar Inna nake gani lokacin da nake bugun ƙirji. Mai sharan ya ce in bar masa, zai nemi mai zuwa. Na tambaye shi ko ya san Ɗanjuma ɗan 'Yankuzo, ya ce Hausawan Madani ba su ƙirguwa. Na gode masa na riƙe kayana. Muka yi wanka muka ɗaura harami, muka koma ciki.

Daga Kartum zuwa Jidda awa uku ne. Sanyi ya kama mu a sama, ga mu da ƙyalle biyu kacal, haƙorana na kaɗawa. Alhaji Nomau ya ce in lulluɓa da gwadon mana, na ce ba zan kai wa mutum saƙo da warin jikina ba. Bahar Maliya da ya ce ya kwana tara a kanta cikin jirgin ruwa na katako, yana amai yana salati, ni ko ganinta ban yi ba, magariba ta rufa. Muka yi sallar isha'i a Jidda, a ranar da muka yi asuba a Kano. Na ce a raina, Mista Jemis, ka ci ni.

Mutanen can suna da abin mamaki. Agogonsu da faɗuwar rana yake buga sha biyu, saboda haka in an ce maka ka zo ƙarfe biyu, sai ka tambaya biyun wa. Maza na sumbatar juna a kumatu wajen gaisuwa, kuma gaisuwar ba ta da tsawo, ba mai tambayarka gida da gajiya da damina. Ruwa a garwa ake saye. A Makka mai masaukinmu ya tarbe mu da gahawa mai ɗaci a wani ɗan kofi da bai fi ƙwanson ƙwai ba. Na shanye don ladabi na miƙa, aka sake cikawa. Na shanye, aka cika. A gidanmu ba a mayar da hannun mai gida, shi kuma ashe jira yake in girgiza kofin, alamar na ƙoshi. Alhaji Nomau ya sani sarai, ya zuba mini ido sai da na sha tara, zuciyata na bugawa kamar ana daka, sannan ya ce, "Girgiza, ɗan 'Yankuzo, kafin ka ƙarar musu da gari."

Shinkafa da burodi suka gundure ni cikin kwana uku. Allah ya sa na gano wani lungu inda matan Hausawa mazauna can ke sayar da tuwo da miyar kuka. Na ci har na yi musu addu'a da ƙarfi. Abin da na ji ranar da na fara ganin Ka'aba kuwa, wannan ba na rumfar hira ba ne. Na yi kuka, shi ke nan abin da zan ce.

Amma ko'ina na je da gwadon nan a raina. Duk baƙin mutumin da na ji yana Hausa sai na tare shi: "Daga Madani kake?" Na tambaya wurin masu tuwo, na tambaya a ƙofar masallaci, na tambaya har a Arfa, Allah ya gafarta mini. 'Yan ayarinmu suka sa mini suna Mai Madani. Na sami mutum huɗu daga can, ba wanda ya san shi. Kwanaki na ƙarewa, na fara shirya irin bayanin da zan yi wa Inna, kowanne na gwada a bakina sai in ji ba ya faɗuwa.

A Mina ne, ranar aski, na zauna gaban wani wanzami mai zanen Zamfarawa a fuska. Ya jiƙa mini kai ya fara, sai na ji ya ce wa na kusa da shi, "Miƙo man wanga ruwa." Na ce, "Kai, mutumin ina ne?" Ya ce asalinsa Wonaka, amma shekara ashirin ke nan yana Madani, duk shekarar da ya samu yakan ƙetaro ya yi aski. Na ce ko ya san Ɗanjuma ɗan 'Yankuzo.

Ya ce, "Mai wushirya, mai yawan dariya? Ai ni na yi wa 'ya'yansa askin suna."

Na zabura na miƙe da rabin kai a aske, aska ta ɗan tsaga ni, ga tabon nan bayan kunne ga mai son gani. Ya danna ni ƙasa ya ce in zauna kada in ɓata masa suna. Yana aski yana ba ni labari. Ɗanjuma na nan lafiya, yana aikin auduga, ya auri wata Babarbariya, 'ya'yansu uku. Sau biyu yana kaiwa bakin teku ana mayar da shi don ba shi da takardu. Wanzamin ya ce, "Kullum shina cewa baɗi. Rantsuwar nan ce ta ɗaure shi, kunya yake ji shi koma gida ba Makka."

Na yi ta juya maganar Inna a raina, hannu da hannu. Na ga in na riƙe ta, gwado zai koma 'Yankuzo yadda ya fito. Na ɗauko shi na damƙa wa wanzamin gaban Alhaji Nomau, na faɗa masa saƙon baki, na sa ya maimaita sau uku har sai da ya faɗe shi yadda ta faɗa. Ya ce shi ta ruwa da jirgin ƙasa zai koma, in Allah ya so cikin wata guda kaya na hannun mai shi.

Dawowa ba wani labari, sai dai hadari ya yi ta wujijjiga mu daga Barno har Kano, na cika jakar takarda biyu da amai, na kuma rantse a raina ni da jirgin sama har abada. Mako bakwai bai cika ba ina Gusau. Geron da na bari iya gwiwa ko yanka shi ba a fara ba. Alhaji Nomau ya hau motar Bungudu yana cewa in an tambaye shi zai ce bai je ko'ina ba, zama kawai ya yi aka kawo masa Makka.

Da na isa 'Yankuzo na zauna a dandali na baje kolin labari. Na ba masu saƙo haƙuri, mai man shanu ta ce Allah ya isa tana dariya. Na yi ta cika baki: asuba a Kano, la'asar a Sudan, isha'i a Jidda! Mutane na ta salati, ni kuwa kaina na ƙara girma. Sai da na ga ba sauran abin fakewa, sannan na shiga wurin Inna.

Na same ta tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗaki. Na durƙusa na faɗa mata gaskiya duka, har da wanzami, har da cewa ban cika hannu da hannu ba. Da na ce wanzamin ya gaya mini babbar 'yarsa sunanta aka sa mata, sai ta ja gefen zane ta rufe baki, ta daɗe a haka. Sannan ta ci gaba da ɓara.

Can ta ce, "Na ji ana faɗi daga dandali. Wai kun tashi Kano da asuba, la'asar ta same ku ƙasar da shike."

Na ce, "Haka ne, Inna."

Ta ce, "Asuba zuwa la'asar. Ni ko kasuwar Tsafe na tahi, sai magariba nike dawowa."

Sai a lokacin na ji nauyin abin da na yini ina taƙama da shi. Na shiga kame-kame, na ce ai nisa ne na gaske, mil dubu da ɗaruruwa, dawa ce da rairayi, jirgin ne kawai ke da gudu. Ta ɗaga mini hannu.

Ta ce, "Shekara sha ɗaya ina ba kaina haƙuri, ina cewa ƙarshen duniya shike. Ashe ko yini bai cika ba." Ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinyarta. "Abin nan naku, shina ɗaukar tsofaffi?"

"Yana ɗauka."

"Mata fa?"

"Har mata, in da namiji nasu tare da su."

Ta ce, "To ga ka. Shi rantsuwa ta riƙe shi, ni ban rantse ma kowa ba. Amma wanga karon ka tambaya tun muna ƙasa, a ba mu irin takardar da ake fita shinge da ita."

Na buɗe baki in gaya mata ramukan sama, da jakar takarda, da alkawarin da na yi wa kaina. Na dubi hannunta a kan ƙwarya, duk ya yi kanta saboda kaɗin auduga.

Na ce, "To, Inna. Bari a sayar da gyaɗa."